Hannun Ɗahiru da Kwamfutar Manjo

Gawon Nama, Sakkwato
4 ga Afrilu, 1995

Muntari,

"Yaya, ki ba ni shi amana. Muddin ina numfashi, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba sai ya fara sauka a kaina." Kai ka faɗi haka a kan ɗana a zauren gidan nan, ranar sadakar arba'in ta ubansa, kana dukan ƙirji har da hawaye. To, jiya ƙuda ya sauka. Ƙudaje huɗu ne, da takalman soja da bel mai kan ƙarfe. Kai kuwa an ce an ga ƙeyarka ta ƙofar baya, da buta a hannu. Har yanzu alwalar ba ta ƙare ba?

Assalamu alaikum. Na gaishe ka ne don mahaifiyarmu ta koya mana gaisuwa, ba don raina ya so ba. Ina fatan kana lafiya, domin ina da aiki da lafiyar taka.

Tunda ba ka tsaya ka ga ƙarshe ba, bari in ba ka labari yadda Atika mai abinci ta gaban shagonka ta ba ni. Manjo Tukur Sodangi ya zo da kansa ganin aikin da ka karɓa. Tsohuwar kwamfutarsa ce, wadda ya sayo a Ingila tun lokacin da kuɗin mai suke kwarara. Ita ce ka ce za ka gyara ta riƙa ba sabon akwatin ajiyarsa wuta, a kwashe rubutunsa daga faya-faye a zuba a ciki. Ɗan naka ya ce a dakata, bai gama awo ba. Kai ka washe baki ka ce, "Ranka ya daɗe, aiki ya kammala," ka danna makunni da hannunka. Abu ya yi tas, hayaƙi ya turnuƙe. Manjo ya tambayi wanda ya yi aikin. Aka waiga, babu kai.

Sojojin sun jawo yaron kan kwalta da tsakar rana, a wannan zafin da ko akuya ba ta taka titi. Suka tuɓe masa riga, suka sa shi birgima, suna bi da bel. Da suka gaji, ɗaya ya kama hannunsa na dama ya shimfiɗa a kan bencin shagonka, ɗaya ya ɗaga gindin bindiga. Atika ta ce ƙarar kamar an taka busasshen kara. Sau biyu. Ta ce bai yi ihu ba sai a na biyun, kuma "Kawu" ya kira. Ka ji? Ba ni ya kira ba. Kai ya kira.

Sannan suka bi rediyoyin mutane da fankoki suka tattake, suka jefa shi bayan mota kamar buhun gero. Manjo ya ce a bar kayansa a nan: ranar da suka yi aiki yaro ya fito, kafin nan yana gadurum.

Ban zargi 'yan layinku da suka tsaya kallo ba. Zamanin da muke ciki, mai bindiga shi ne alƙali, shi ne ɗan doka. Amma su ba su dafa ƙirji a zaurena ba.

Na je na kwaso kwamfutar da gilashinta, da akwatin, da gwangwanin biskit ɗin da faya-fayen suke ciki, da jakar kayan aikin yaron. Ga su nan a kan teburin da nake duba littattafan ɗalibai. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi, na karanta labarin sarakuna da yawa da suka tsere daga fagen fama. Kowannensu dai a kan doki ya tsere. Ban taɓa cin karo da wanda ya tsere da buta ba.

Na san kana Wamakko gidan surukanka, don ba ka da wani ramin. Direban da ya kawo maka takardar nan zai juyo gobe. Ka biyo shi. Ka zo ka gyara abin da ka ɓata.

Yayarka,
Balaraba

Wamakko
6 ga Afrilu, 1995

Zuwa ga Yayata abar girmamawa, Malama Balaraba,

Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina zafi, ina gajiya, ya munka ji da wanga abu da ya same mu? Allah shi fid da Ɗahiru lafiya, shi saka muna.

Yaya, wallahi tallahi ba gudu na yi ba. Fitsari ne ya matse ni, kin san ciwon sukarin da ni ke fama da shi. Da na komo na leƙo na ga abin da a ke yi, sai na ce in na fito mu biyu za a kwasa, to wa za shi tsaya waje shi yi fafutuka? Ɗahiru ɗana ne. Tun da na zo nan ban ci abincin kirki ba. Na sa malamai suna roƙo, na kuma yi sadakar waina.

Batun aiki kuwa, ke malamar makaranta ce, ba ki san kasuwa ba. Mutum irin Manjo in ya ce gobe, ba ka ce mai jibi. Tun ina koyon aiki ubangidana ya hore ni: mai gyara ba shi cewa "a dakata", ba shi cewa "ban iya ba". Ran da ka faɗi haka, ka rufe shagonka da hannunka. Shi Ɗahiru da karatunsa na kwalejin fasaha, komi sai ya ɗauko mita, kwana da kwanaki shina awo kamar mai sayen zinari. Abin da ya faru kawai, duk sadda munka jona akwatin ga kwamfuta sai fiyus shi tsinke. Munka sa wani, ya tsinke. Da ya fita sallar azahar sai na yi mata 'yar dabarar da ni ke yi ma rediyo da fanka, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ƙaddara ce ta riga fata.

Shawarata, ki nemi turare mai kyau da turmin atamfa ki tai wurin matar Manjo. Mace ita ka tausasa namiji. Kuma don Allah kada ki taɓa na'urar nan, wuta ba ta san malama ba. Ni ina nan shigowa da zarar ƙura ta lafa. An ce mini har yanzu ana ganin soja a layinmu.

Ga albasa nan kwando guda, ta fadamar surukina ce.

Ƙanenki mai biyayya,
Muntari Mai Rediyo

Gawon Nama
9 ga Afrilu, 1995

Muntari,

Assalamu alaikum. Albasa ta iso, na gode. Dama ina neman abin da zan ce ya sa ni hawaye in maƙwabta sun shigo.

Na taɓa na'urar. Na kwance kusoshi na ɗaga murfi, na ga 'yar dabarar taka: takardar azurfa ta kwalin sigari, an nannaɗe ta a jikin mataccen fiyus. Har yanzu tana warin tabarka. Na adana ta. Zan nuna wa 'ya'yanka in sun girma, su ga abin da ya ci hannun ɗan'uwansu.

Jiya na je bariki da tuwo da fura. Sajan na bakin ƙofa wani dogo ne mai tsage a kumatu, Hausarsa ta fi tawa. Ya ce, "Hajiya, wa kika zo gani?"

Na ce, "Mai gyaran kwamfuta."

"Ba shi da suna?"

Na ce, "Ɗan fari ne."

Ka san ni. Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na yi digiri, na karanta littattafan Turawa da na Larabawa, amma kunyar ɗan fari a nono na sha ta, ban kuma taɓa jin nauyinta ba. Sajan ya gane sarai, shi ma uwa ce ta haife shi. Ya dubi 'yan'uwansa ya yi dariya ya ce, "Nan bariki ne, Hajiya, ba a shigowa da kunya. Suna, ko ki koma da tuwonki."

Na faɗa a hankali. Ya ce bai ji ba. Na ƙara. Ya kama kunne ya ce iska tana kaɗawa. Sai na buɗe murya irin wadda nake tsawata wa 'yan aji biyar, na kira sunan har tsuntsayen kan dogon yaro suka tashi.

Gadurum ɗin ɗaki ne mai rufin kwano, da taga ɗaya mai ƙarafa. Yaron ya leƙo. Leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Inna, ashe kin san sunana."

Na ce, "Rufe mini baki, mara kunya. Nuna mini hannun."

Muntari, ya kumbura kamar gwanda. Yatsu biyu sun kalli inda yatsa ba ya kallo. Ya ɗaure da yagin singileti, ƙudaje suna bi, na gaske wannan karon. Ba likita. Ko mai ɗori ba su kira ba.

Na ce masa kawunsa ya ce in je in durƙusa wa matar Manjo. Ya ce, "Inna, kada ki ɓata gwiwarki. Akwatin nan bai mutu ba, na tabbata. Warin da na ji na kwandensa ne." Ya yi mini bayani yana cije leɓe. A cikin kwamfutar akwai sashen da yake karɓar wutar gari ya tace ta ya raba. A nan ne kwandensa suke, wasu 'yan gwangwanaye kamar kan yatsa, zafin Sakkwato ya busar da su shekara da shekaru. Da aka ɗora musu nauyin sabon akwati sai suka gaza, fiyus kuma ya riƙa tsinkewa don ya tsare gida. Ya ce, "Fiyus mai gadi ne, Inna. Kawu ya ɗaure mai gadi."

Na ce, "To wa zai gyara? Kawun naka yana Wamakko yana gadin albasa."

Ya ce, "Ke."

"Ni da ko ƙwan fitila ya mutu sai na kira ka?"

"Kin iya zare ƙaya da allura? Kin iya ɗiga man shanu a tsakiyar miya ba ki zubar ba? To shi ke nan liƙin dalma. Ki buɗe bayan talabijin ɗin Baba, akwai irinsu a ciki, ki dai duba lambar jikinsu ta zo ɗaya. Kada ki kusanci jar wayar da ta manne a bayan gilashi. Kowace kwandensa ƙafarta biyu, wadda take gefen zane ita ce za ki..."

Bai ƙarasa ba wani kofur ya zo ya ce lokaci ya yi. Na roƙi ya bari ya kai aya. Sai ya kai wa ƙarafan tagar sanda, daidai inda yaron ya ɗora hannun. Ihun nan har yanzu yana kunnena. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigar kofur ɗin ba. Bulala biyu na samu a gadon baya, mayafina ya yage, furar ta zube a ƙasa. Ana tura ni ina tafe, ina jin muryarsa ta taga: "Biyar da sha biyu, Inna! Sai mita ta nuna biyar da sha biyu kafin ki jona!"

Na rubuta wa Manjo, na nemi ya sa alkawarinsa a takarda. Kai kuma ka ci gaba da jiran ƙura ta lafa. Ka ce wa malaman naka su haɗa da roƙa maka zuciya.

Yayarka,
Balaraba

Bariki, Sakkwato
11 ga Afrilu, 1995

Malama Balaraba,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta same ni, kuma na lura da kaifin harshen da ke cikinta. Na yi miki uzuri saboda ke uwa ce.

Ki sani ba a tsare ɗanki don zalunci ba. Rashin ɗa'a shi ne ciwon ƙasar nan, kuma a kan wannan batu nake rubuta littafi shekara goma sha ɗaya ke nan. Dukkansa yana cikin faya-fayen nan, ba ni da wani kwafi, wasu ma sun fara gardama. Shi ya sa na sayo akwatin daga waje. Wajibi ne littafin ya isa hedikwata kafin zaman ƙarin girma na watan Yuni. Wanda ya yi wasa da wannan, ya yi wasa da aikin ƙasa.

Ga maganata ta hafsa: ranar da na ga kwamfutar ta kunna akwatin, rubutuna ya fito a gilashi, a ranar ɗanki zai kwana a gida. Soja ba ya magana biyu.

Batun hannu, an shaida mini ɗan targaɗe ne.

Naki,
Manjo T. Sodangi

Gawon Nama
17 ga Afrilu, 1995

Muntari,

Ina gaisuwa. Ba amsa nake nema ba. Na rubuto ne don in ban faɗa wa wani ba zan fashe, kai kuma kunnenka ba shi da wani aikin.

Ta yi.

Na ɓalle bayan talabijin ɗin marigayi, wanda ya saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji, wanda ko ƙura ba na bari ta kwanta masa. Wuta ba ta zama a unguwa, don haka a kan gawayi na riƙa gasa ƙarfen liƙi. Delu dillaliya, maƙwabciyata, ita ce mai fifita. Tana fifita tana salati, tana cewa, "Malama, in abin ga ya tashi da mu, ki gaya ma mala'iku ke kika jawo ni." Na ƙone yatsu. Dalma ta ɗiga mini a cinya ta huda zane har fata.

Kwandensar farko a juye na sa ta, don kofur bai bar shi ya gaya mini inda ƙafa mai zane take shiga ba. Da aka kawo wuta na kunna, ta fashe kamar bindiga, wani abu kamar auduga ya watsu har fuskar Delu. Ta yi tsakar gida da gudu ba ɗankwali, tana ƙwala wa mijinta kira da sunansa na yanka, ita ma karo na farko a rayuwarta. Da hayaƙi ya washe na sa tabaran karatu na duba. Ashe masu na'urar sun zana 'yar alama a jikin allon, a gefen kowane rami. Duk wanda ya tsaya ya duba zai gani. Tsayawar ce ba kowa ba.

Madadinta na samo a Sabon Gari, tare da fiyus na gaske. Mai shagon ya ce, "Madam, wane mai gyara ya aiko ki?" Na ce, "Wanda yake gadurum." Bai sake tambaya ba, ya naɗe mini kaya ya raka ni har bakin titi.

Jiya da hantsi aka kawo wuta. Na ɗora tsinken mita inda yaron ya ce. Allura ta tashi ta tsaya a biyar. Na matsa gaba, ta tsaya a sha biyu. Na yi bisimilla na jona akwatin. Ya yi gurnani kamar kyanwa, wata 'yar koriyar fitila ta kama. Delu ta rangaɗa guɗa. Yadda ake kiran rubutu daga faifai kuwa Manjo ya rubuta wa kansa a murfin gwangwani, na bi, ya fito. Na zauna ina sa wannan ina cire wancan, ina karatu har aka ɗauke wuta. Ra'ayina a kan littafin sai wata rana. Ina da ɗaliba 'yar aji uku da ta fi shi sanin inda ake sa aya.

Na aika bariki. Yau da safe Manjo ya zo da kansa, mota biyu. Ya shigo mini har ɗaki da takalmi, ba sallama. Allah ya sa da wuta. Ya ga fitila, ya ga rubutunsa, har ya yi murmushi ya karanta wa sojojinsa layi biyu, suka ƙame.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaron fa?"

Ya ce, "Za a duba."

Na ce, "Ba 'za a duba' ka rubuta ba."

Na tsaya a bakin ƙofa na ware hannu. Kofur ɗin nan dai mai sanda ya sa mini gindin bindiga a ƙirji, na faɗa kan randa, ta fashe. Haƙorina ɗaya yana girgiɗi, in na ja numfashi haƙarƙari yana amsawa. Suka kwashe kwamfuta da gilashi da akwati suka fita.

Gwangwanin biskit ma sun ɗauka, kofur yana rungume da shi kamar jariri. Ban hana ba. Tun jiya da la'asar na kwashe faya-fayen na cika shi da albasarka. Ka ga ta yi rana. Faifai ɗaya kawai suka tafi da shi a cikin na'ura, wanda a cikinsa yake gode wa iyayen gidansa. Ban koyar da tarihi a banza ba: ban taɓa karanta inda mai bindiga ya cika alkawari don kawai an cika masa nasa ba.

Na ga hannun shekaranjiya. Ya fara baƙi daga farce, yana wari, yaron kuma zazzaɓi ya rufe shi, ko wasan nan nasa bai yi mini ba. Lokacin ladabi ya ƙare mini.

Balaraba

Wamakko
18 ga Afrilu, 1995

Yaya,

Bayan gaisuwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, kin kashe mu. Mi ya kai ki? Albasar nan duk wanda ya gan ta ya san ta fadamar Wamakko ce, yanzu ni za a ce na kitsa. Don girman Allah, don darajar iyayenmu da ke ƙasa, ki mai da ma mutumen ga kayansa, ki ba shi haƙuri. Ba a ja da mai kaki. In ya huce shi da kansa za shi saki Ɗahiru.

Surukina ya ce zamana nan ya fara yi mai nauyi. Zan ɗan leƙa Ƙonni, tsallaken iyaka, wurin wani abokina, kwana biyu, har ƙura ta lafa. Ki gai da Ɗahiru, ki ce Kawu bai manta da shi ba.

Ƙanenki,
Muntari

Bariki, Sakkwato
18 ga Afrilu, 1995

Malama Balaraba,

Bayan gaisuwa. An buɗe gwangwani a ofishina, a gaban ƙananan hafsoshi. Kin san abin da aka tarar.

Ban karya alkawari ba, jinkiri ne ya zama dole. Babban kwamanda zai kawo ziyara ƙarshen wata, kuma ba zai yiwu a ga farar hula yana yawo a gari da irin wannan hannu ana danganta shi da bariki ba. Za a sallame shi bayan ziyarar, in kumburin ya faɗa.

Ki miƙa faya-fayena ga mai kawo wannan takarda. In ba haka ba, akwai dokar soja a kan masu zagon ƙasa, ba ta kuma bambanta mace da namiji. Na ba shi umarnin ya bincike gidanki har ƙarƙashin gado.

Manjo T. Sodangi

Gawon Nama
19 ga Afrilu, 1995

Manjo,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan lafiya, kai da yatsunka goma.

Ɗan aikenka ya cika umarni. Ya farke katifa, ya fasa tukwane, ya zubar da garin tuwo. Ka tambaye shi abin da ya samu.

Ka san yadda ake rabon goron biki a garin nan? Akan zuba shi a ƙasan kwalla, a rufe da zannuwa, mace ta ɗauka ta bi gida-gida, ta shige inda namiji baligi ba ya wuce zaure. Haka aka raba littafinka, babi-babi, a ɗakunan matan aure daga Gawon Nama har cikin gari. Ni kaina ban san wanne yake ina ba, don haka ko ka sa a feɗe ni ba abin da za ka ji. Gidana ka shiga da takalmi don mai gidan yana kabari. To gwada kutsawa gida arba'in masu "ba shiga" a ƙofa, a Sakkwato, kwamandanka yana hanya. Cikinsu akwai na limamai.

Kowace mace da turminta da almakashinta. An gaya musu abin da aka yi wa hannun, kuma dukkansu sun san zafin haihuwa.

A cikin ambulan ɗin nan za ka ga wani baƙin tarkace. Babi na bakwai ne, wanda ka sa wa suna "Tausaya wa Na Ƙasa". Na karanta shi kafin in daka. Ya fi sauran kyau, har na so in ba ka shida cikin goma. Na zaɓe shi ne don na ga ba ka amfani da shi.

Ga sharaɗina. Jibi Juma'a, kafin a sauko daga masallaci, a kawo ɗana ƙofar babban asibiti, da ransa, da hannunsa a jikinsa. Ina can tsaye. In na gan shi, rabin littafinka zai iso maka kafin magariba. Sauran rabin sai ranar da likita ya ce hannun ya tsira. In likita ya yanke yatsa, kai ma ka rasa babi. Yatsa ɗaya, babi ɗaya. Ina ganin ban yi maka tsada ba.

In ka sa aka kama ni, ko aka sake taɓa shi, ba sai an jira Juma'a ba. Labari a unguwar nan ya fi motarka gudu.

In kuwa aka sauko daga masallaci ban gan shi ba, zan koma gida in ɗauki taɓarya in buga turmina. Maƙwabciya za ta amsa, ta gaba da ita ma ta amsa. Ka fito ƙofar ofishinka da la'asar ka kasa kunne. Za ka ji daka ta tashi a gari kamar jajiberin salla. Kada ka tambayi bikin wa ake yi.

Wassalam.
Malama Balaraba Lawwali